Da Wane Mudu Ake Auna Talaucin Yaranmu?



Maganar da aka ɗora mana mu yi a yau ita ce ko ana samun ci gaba wajen rage talaucin yara a ƙasar nan, musamman a nan Doka inda akasarinmu muke zaune. Sa'ad da muka karɓi aikin mun zaci na yini guda ne. Muka ce za mu nemo adadin yara matalauta na shekara goma da suka wuce, mu nemo na bana, mu ɗebe wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne amsa. Da muka duƙufa sai muka tarar alƙaluma ba su yi ƙaranci ba, har ma sun so su yi yawa, amma kusan kowanne da irin mudun da aka auna shi. Saboda haka tilas jawabin namu ya koma kan mudun kansa.

Duk wanda aka taɓa aika awo Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko ta Kawo ya san abin da muke nufi. Uwa ba ta cewa ɗanta ya sayo masara ta yi shiru, sai ta ƙara masa da cewa ya duba gindin mudun, kada a auna masa da wanda aka bubbuge. Ta san cewa idan aka auna mata da kwano ɗaya a watan jiya, aka auna mata da wani a wannan wata, ba ta da hanyar gane ko hatsi ne ya yi sauƙi ko kuwa kwanon ne ya ƙanƙance. To, wannan ilimi da iyayenmu mata suke da shi ba tare da sun shiga jami'a ba, shi ne muke mantawa da zarar an karanta mana alƙaluma a rediyo.

Bari mu ɗauki shekara guda tak, watau 2022. A watan Mayu na shekarar, Ma'aikatar Kuɗi da Kasafi da Tsare-tsare ta Tarayya tare da UNICEF suka fitar da rahotanni a kan halin da yara suke ciki. Ɗaya ya ce kashi 47.4 cikin ɗari na yaran Nijeriya suna zaune a gidajen da abin da suke kashewa bai kai layin talauci ba. Wani ya ce kashi 54 cikin ɗari sun rasa aƙalla uku daga cikin manyan bukatun yaro, irin su abinci mai gina jiki, magani, makaranta, ruwa, makewayi da muhalli. A watan Nuwamba kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fito da nata babban rahoton, wanda ya ce mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin ɗari na jama'ar ƙasa, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 18 adadin ya kai kashi 67.5. Da aka ƙara tambayoyin da suka shafi ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, sai aka sami kashi 83.5. Ka ga ke nan mai son ɓata gwamnati yana iya hawa dandamali ya ce daga Mayu zuwa Nuwamba talaucin yara ya tashi daga 47 zuwa 67, mai son wanke ta kuwa ya riƙe 47 ɗin ya yi gum da bakinsa. Babu wanda ya ƙirƙiro adadi a cikinsu, babu kuma wanda ya faɗi gaskiya, domin kwanuka daban-daban ne, kuma ba ma a shekara ɗaya aka yi awon da su ba.

Kwano na farko shi ne na kuɗi. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta yi gida-gida a 2018 zuwa 2019, an tsai da cewa duk wanda ba ya kashe naira 137,430 a shekara, watau wajen naira 376 a yini, matalauci ne. Bisa wannan layi aka sami kashi 40.1 na 'yan ƙasa, mutum miliyan 82.9, ban da Jihar Borno wadda rashin tsaro ya hana a haɗa ta a lissafin. Jihar Kaduna ta sami wajen kashi 43.5, Sakkwato kusan 88, Legas 4.5. Wannan kwano yana da sauƙin ganewa, amma ƙasansa yana zuba. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata daraja, kafin tsakiyar 2024 tsadar abinci tana hawa da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara. Naira 376 ɗin da aka ce tana fid da mutum daga talauci a 2019, a ƙarshen 2024 ko rubu'in mudun shinkafa ba ta saye. Dole ne a riƙa ɗaga layin yana bin farashi, kuma a wurin ɗagawar nan ne gardama take. Shi kansa Bankin Duniya ya fara da dala 1 a yini a 1990, ya koma dala 1.90 a 2015, dala 2.15 a 2022, sa'an nan dala 3 a watan Yuni 2025. Su dai masanan Bankin sukan koma su sake lissafin shekarun baya da sabon layin, amma mai karanta kanun jarida ba ya ganin wannan aiki, tsalle kawai yake gani.

Kada a ce muna tsoron abin da bai faru ba. Hukumar Ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A watan Agusta 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Ba masaƙun Kakuri ne aka sake buɗewa ba, ma'anar mai aiki aka canza, ta yadda duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na sa'a ɗaya a mako an lissafa shi cikin masu aiki. Haka nan hauhawar farashi ta kasance kashi 34.8 a Disamba 2024, a Janairu 2025 ta zama 24.48, saboda an sabunta shekarar da ake gwadawa da ita da kuma kayayyakin da ake lissafawa. Ba mu ce an yi maguɗi ba. Akwai hujjoji na ilimi a kan sauye-sauyen biyu, kuma wasu ƙasashe da yawa haka suke lissafi. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya jera tsohon adadi da sabo ya kira bambancin ci gaba, ya ci amanar mai sauraronsa, ko da kuwa bai sani ba.

Kwano na biyu, na Nuwamba 2022, a ganinmu ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san yadda aka ƙera shi. An bi hanyar da masana biyu, Sabina Alkire ta Jami'ar Oxford da James Foster, suka tsara. Daga Nuwamba 2021 zuwa Fabrairu 2022 ma'aikata suka shiga gidaje fiye da 56,000, suka duba alamu goma sha biyar: ko akwai mai tamowa a gidan, ko abinci yakan yanke, nisan asibiti, ko yara suna zuwa makaranta, ko sun makara a aji, ruwan sha, makewayi, irin ginin ɗaki, abin da ake girki da shi, aikin yi, da ko wani bala'in rashin tsaro ya auka wa gidan, da sauransu. Kowace alama da nauyinta. Gidan da rashinsa ya kai kashi 26 cikin ɗari na jimlar nauyin, an sa shi cikin matalauta da duk wanda yake cikinsa. A nan Jihar Kaduna ta fito da mutum fiye da miliyan 8, Kano kaɗai ta fi ta yawa. Amfanin wannan awo shi ne yana nuna wa gwamna inda ɓarakar take, ko rijiya ce ko aji ne, ba kamar na kuɗi ba wanda zai ce da kai akwai talauci ya juya baya.

Amma fa awo ɗaya ba ya nuna tafiya. Wanda ya hau sikeli sau ɗaya ya san nauyinsa, bai san ko ƙiba yake yi ko rama ba. A ranar 12 ga Yuni 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin fid da mutum miliyan 100 daga talauci cikin shekara goma. A watan Satumba 2015 kuma Nijeriya ta shiga cikin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya da suka ɗauki alkawarin rage talaucin maza da mata da yara da rabi kafin 2030. To, rabin me? Har shekarar 2024 ta ƙare ba a fitar da rahoto na biyu da wannan kwano ba. Abin da ya biyo bayan na farkon shi ne cacar baki, inda Ƙaramin Ministan Kasafi na lokacin, Clem Agba, ya ɗora laifin kan gwamnoni, ya ce sun bar karkara sun koma gina gadojin sama da filayen jiragen sama. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan maganar tasa, akwai abin lura a ciki. Gada ana ganinta, ana ɗaukar hotonta, ana yanka mata ƙyalle da almakashi. Yaron da ya tsira daga tsumburewa ba shi da ranar buɗewa, in ba alƙaluma suka nuna shi ba babu mai sanin an yi masa wani aiki.

Yanzu mu dawo gida. Rahoton 2022 ya yi ƙoƙari, domin bai tsaya kan jihohi ba, ya sauko har mazaɓun sanata 109. To, amma ina Doka take? Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa tana cikin mazaɓar Kaduna ta Tsakiya ne, tare da Kaduna ta Kudu, Igabi, Chikun, Kajuru, Giwa da Birnin Gwari. Watau an yi mana kuɗin goro: yaron da ake kai wa makaranta cikin mota a Malali, da yaron ƙauyen Birnin Gwari wanda 'yan bindiga suka tayar da garinsu, duka adadi ɗaya ne yake magana da yawunsu. Ko a cikin Doka ɗin ma, wanda ya taka daga manyan gidajen Unguwar Rimi ya gangara Kabala, ko ya bar Unguwar Sarki ya leƙa lungunan Unguwar Shanu, Hayin Banki da Rafin Guza, ya san ba duniya ɗaya ba ce. Talaucin birni kuma yana da nasa kamannu waɗanda tambayoyin ba su cika kamawa ba. Idan aka tambayi uwa a Badarawa nisan asibiti da ƙafa, za ta ce ga shi can kusa, a rubuta cewa ba ta rasa wannan ba, alhali kuwa abin da ya hana ta kai yaron shi ne kuɗin magani. Idan aka tambaye ta ruwa za ta nuna jarkar ɗan garuwa, wadda take cin rabon cefane kowace safiya. Ga kuma lokacin awo: daga Nuwamba zuwa Fabrairu kaka ce, hatsi yana da sauƙi. Hannun yaron da aka auna a Disamba ba shi ne za a tarar a Agusta ba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suka sauka tare da damina.

Akwai abin da ya fi wannan damunmu. Duk waɗannan bincike gida suke bi. Ana zaɓar gidaje ne kamar yadda mai girki take ɗanɗana miya da bakin ludayi, kuma dabara ce mai kyau muddin an motsa tukunyar. Amma wane gida ne za a tarar da almajirin da yake yawo da roba a tashar Kawo, yana kwana a zauren da ba na ubansa ba? A ƙauyensu an ce ya tafi karatu, a nan kuma wuya ne a lissafa shi cikin iyalin wani. Mun ga yawansu da idonmu a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da gwamnonin Arewa suka riƙa lodin su a motoci kowa yana mai da su jihohinsu. Sai kuma waɗanda suke cikin gida amma awon bai gan su ba. Ku tuna mun ce idan gida ya tsallake layi, an tsallakar da kowa da kowa a cikinsa. To, 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye tana shekara goma, tana wanke-wanke a gidan babban ma'aikaci, tana raka yaran gida makaranta ta dawo, a takarda ita ba matalauciya ba ce, tunda gidan akwai famfo da firji da tayil. Haka agola, haka maraya ɗan riƙo wanda sai kowa ya ci ake kankare masa tukunya. Muna roƙon afuwar yayyenmu ma'aikata idan maganar ta yi ɗaci, domin da yawanmu a irin waɗannan gidaje muka tashi, kuma nan gaba kaɗan mu ne za a kawo wa 'yan aikin.

Sa'an nan duk wani "kashi kaza cikin ɗari" yana bukatar a san ɗarin. Rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka sami mutum miliyan 140, Jihar Kaduna kuma miliyan 6.1. An shirya wata a watan Mayu 2023 aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Ashe ke nan babu yaro ko ɗaya a Doka yau da aka taɓa ƙidayawa, kuma mutum miliyan 133 ɗin nan an samo shi ne ta hanyar ninka kason da aka auna da ƙiyasin yawan jama'a. Rajistar haihuwa da za ta toshe wannan giɓi ita ma da saura: binciken 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Tarihinmu da ƙidaya kuwa kowa ya san shi. An soke ta 1962, an yi ta rigima kan ta 1963, Janar Murtala Muhammed ya soke ta 1973. Kakanninmu sun koyi ɓoye kai da ɓoye shanu saboda haraji da jangali, waɗanda sai a watan Oktoba 1979 Alhaji Balarabe Musa a Kaduna da Alhaji Abubakar Rimi a Kano suka kashe su. Talaka ya gaji ragewa don tsoron biya, mai mulki kuma ya koyi ƙarawa don rabon arzikin ƙasa. A tsakanin waɗannan halaye biyu ma'aikacin ƙididdiga yake tsaye da takardarsa.

Misalin makaranta ya isa ya nuna yadda adadi yake ruɗin mai shi. A 1976 da aka buɗe shirin UPE an shirya wa yara miliyan 2.3, sai ga wajen miliyan 3 a bakin ƙofa. A watan Janairu 2016 Gwamnatin Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a kan naira 50 kowane yaro a yini, rajista ta cika ta batse, gwamnati da kanta ta ce yaran sun tashi daga wajen miliyan 1.1 zuwa fiye da miliyan 2. Amma jaridu sun ruwaito yadda a wasu makarantu da zarar an raba abinci sai aji ya watse. Wasu sun yi wa abin dariya. Mu a wurinmu wannan shi ne awon yunwa mafi gaskiya da aka taɓa yi a jihar nan, ko da yake ba da niyyar awo aka yi shi ba. A watan Oktoba 2017 kuma aka bayyana cewa daga cikin malaman firamare wajen 33,000 da aka jarraba da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, watau 75 cikin ɗari. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar, ba kuma nan ne wurin raba gardamar ba. Abin da ya shafe mu shi ne, yaron da aka rubuta "yana makaranta" ya fita daga jerin marasa ilimi a takarda, ko da kuwa zai gama aji shida bai iya karanta sunan unguwarsu ba.

To, jama'a, shin babu kwanon da ya tsaya yadda yake? Akwai, kuma shi ne jikin yaron kansa. Ba banza ba Bahaushiya take kiran zuwa asibitin mata da yara da suna "awo". A nan Nijeriya ne, a garin Imesi-Ile na ƙasar Yarabawa, wani likita Bature mai suna David Morley ya ƙirƙiro katin nan na bin nauyin yaro wata-wata, tun wajen ƙarshen shekarun 1950, daga baya duniya ta ɗauka. Awon damtsen hannu kuma ya yaɗu ne daga aikin agaji na lokacin yaƙin basasarmu. Yau ɗan tef ne mai launi uku: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, yaro yana cikin haɗari. Daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. Santimita ba ta san faɗuwar naira ba, ba ta kuma da jam'iyya. Tsayin yaro ma ya fi nauyinsa riƙe tarihi, domin rama tana zuwa ta tafi da damina, amma wanda ya rasa abinci da lafiya tun daga cikin uwa har ya shekara biyu yakan tsumbure, kuma da wuya ya cike giɓin, a jiki ko a karatu.

Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana gudanar da binciken lafiyar iyali kusan duk shekara biyar, da tambayoyi kusan iri ɗaya, saboda haka a nan ne kaɗai muka sami abin da za mu iya jerawa da kwanciyar rai. A 2008 cikin kowane yara 1,000 da aka haifa 157 ba sa kai shekara biyar. A 2013 adadin ya sauko 128, a 2018 ya ɗan koma 132, binciken 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna ya sake saukowa. Tsumburewa kuwa kashi 41 ce a 2008, ta zama 37 a 2013, ta tsaya a 37 a 2018, ta koma 40 a na ƙarshen. Ma'ana, a ƙasa baki ɗaya yaranmu sun rage mutuwa, amma ba su ƙara ƙoshi ba. A Jihar Kaduna labarin ya ɗan fi daɗi: kusan kashi 57 a 2013, kashi 48 a 2018, wajen kashi 41 a 2023 zuwa 2024. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma wanda ya ƙi faɗinsa don adawa bai fi mai ƙara gishiri don fadanci gaskiya ba. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Yaran da ake aunawa a kowace jiha 'yan ɗaruruwa ne, don haka bambancin kashi ɗaya ko biyu ba abin kiɗa ganga ba ne. Na biyu, yara huɗu cikin goma ba ƙaramin abu ba ne, kuma maƙwabtanmu suna cikin hali mafi tsanani: ƙungiyar likitocin MSF ta ce a wata shida na farkon 2025 yara 652 suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina kaɗai.

Wasu ƙasashe sun ɗaure kansu da doka a kan wannan al'amari. A Amurka, inda ake awo kowace shekara, an ga talaucin yara ya faɗo zuwa kashi 5.2 a 2021 sa'ad da gwamnati ta ƙara kuɗin da take ba iyaye, aka kuma ga ya tashi zuwa 12.4 a 2022 da ƙarin ya ƙare. Kowa ya ga abin da tallafin ya yi, kowa ya ga abin da janye shi ya jawo. A Ingila an yi dokar talaucin yara a 2010 mai ƙayyade adadin da za a cim ma, a 2016 wata majalisa ta soke ƙa'idodin, abin da ya nuna ko a can masu mulki ba sa son mudun da zai tona su. New Zealand kuma ta yi doka a 2018 wadda ta wajabta wa gwamnati ta bayyana halin talaucin yara duk ranar da take gabatar da kasafin kuɗi.

Ba mu ga abin da zai hana Majalisar Dokokin Jiharmu da take zama a Lugard Hall ta yi irin wannan ba. Kayan aikin suna nan. Jihar tana da Hukumar Ƙididdiga tata wadda ta sha yin binciken gidaje, a 2017 ta kai rahotonta na muradun ci gaba har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2018 ta yi dokar kare yara, ta kuma ɗauki shirin gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255. Abin da muke nema shi ne a zaɓi alamu kaɗan, tsayin yaro, damtsensa, ko ya rayu, ko yana da rajistar haihuwa, ko yana iya karatu a aji huɗu, a auna su a wata ɗaya kowace shekara, a kowace ƙaramar hukuma cikin 23, a shiga tsangayu da tashoshi da gangan, sa'an nan a buga sakamakon da Hausa a liƙa a sakatariya. In an ga dalilin canza kwano a canza, amma a yi shekara biyu ana aunawa da tsohon da sabon tare, don a san inda aka haɗa igiyar.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya bukatar doka, wanda yake hannun mutanen da suke cikin ɗakin nan. Da muke shirya wannan jawabi wasunmu sun je wani ƙaramin asibiti a wata unguwa a nan Doka ranar awon yara. Mun tarar da malamar asibiti ita kaɗai, mata sun cika benci har waje, tana aunawa tana rubutawa a wani ƙaton littafi. Ta ce da mu kowane ƙarshen wata takan haɗa jimla ta aika sama, amma tun da ta fara aiki ba a taɓa dawo mata da labarin abin da alƙalumanta suka nuna ba. Muka lura a wasu shafuka nauyin yara da yawa ya zo iri ɗaya, muka tambaya. Ta yi ɗan shiru, sa'an nan ta ce a watannin nan sikeli ya lalace, ta kai ƙara ba a kawo wani ba, kuma idan ta aika fom da gurbi a buɗe takardar tuhuma za ta biyo baya, idan ta cike shi da ƙiyasi babu mai cewa uffan. Ba mu ga laifinta ba. Amma waɗannan lambobi sun hau sama, an tara su da na wasu asibitoci, wani jami'i ya sa hannu, wataƙila ma an karanta su a wani taro.

Jami'in nan da yake karɓar fom ɗin, yau ɗaya ne daga cikin yayyenmu da suke zaune a nan, baɗi ko baɗin baɗaɗa kuma ɗayanmu ne. Roƙonmu gare shi shi ne, ranar da fom ya zo masa da gurbi a buɗe an rubuta "sikeli ya lalace", ya ajiye takardar tuhuma, ya rubuta ta neman sikeli, kuma in wata ya ƙare ya aika wa malamar da kwafin abin da unguwarta ta nuna idan an gwada da watan da ya wuce.

Shugaban taro, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.